Kanari ba jan baki ba ne

A kakar bara, a bakin wata gonar gero da ke wajen Sifawa, na tarar da wani yaro mai korar tsuntsaye ya jera guda huɗu da ya harbo da danƙo. Na tambaye shi mene ne, ya ce, "Jan baki ne, Baba." Da na juya su, sai na ga uku daga ciki kanari ne, irin mai ruwan tokan nan da ake ratayewa a keji a ƙofar shago saboda daɗin muryarsa.

Ban ga laifin yaron ba, domin daga nesa kamannin na ruɗarwa. Kanarin nan tsawonsa kimanin santimita 11 ne, ƙirjinsa da ɗigo-ɗigo masu duhu, bakinsa gajere mai kauri, babu ja a jikinsa ko kaɗan. Babbar shaidar kuwa sai ya tashi ake ganin ta: a saman gindin bindinsa akwai fari tas, kamar an liƙa masa auduga. Jan baki ba shi da wannan farin, kuma runduna yake tafiya, dubbai su lulluɓe gona. Shi kuwa kanari bibbiyu yake yawo ko ɗan ƙaramin garke, galibi a ƙasa yana tsintar 'ya'yan ciyawa. Yana taɓa zangarniya, ban musa ba, amma cinsa bai kai ya rage wa manomi dami ba.

Ana samunsa daga Senegal har Sudan, rani da damina, yana saƙa sheƙa kamar ɗan ƙoƙo a reshen itace.

A ganina muryarsa ta fi danƙo jawo masa masifa. Mai kamu kan sa namiji a keji mai tarko, ya yi ta rerawa har 'yan'uwansa su sauko su afka. An daɗe ana fitar da irinsa zuwa Turai, kafin Tarayyar Turai ta hana shigar da tsuntsayen daji a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta kuma tabbatar da hanin a 2007. Kamun da ake yi domin kasuwanninmu na gida kuwa yana nan.

Muna tsaye sai wani ya tashi daga kan kunya. Yaron ya riga ni ganin farin, ya sauke danƙonsa yana nuna mini da baki.