Auna Mutunci da Maki: Gabashin Asiya a Littattafan Wasan Tebur

Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla ba su taɓa zama a teburin wasan da za mu yi magana a kansa ba, saboda haka ya kamata mu fara da bayaninsa. Mutum huɗu ko biyar ne sukan kewaye tebur, ɗaya ya zama jagora mai ba da labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi a cikin labarin. Idan jarumi ya yi niyyar tsallake ganuwa ko ya zare takobi, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, lambar da ta fito ita za ta yanke hukunci. Wanda ya fi shahara a cikin irin wannan wasa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Tun da yake labari ba ya tsayuwa sai da ƙasar da zai faru a cikinta, sai kamfanoni suka shiga wallafa littattafai masu shimfiɗa ƙasashen almara, da taswirarsu da sarakunansu da addinansu, har da dokokin da ke tafiyar da mutanensu.

Waɗanda suka dame mu a nan su ne littattafan da aka gina bisa Sin da Japan da Koriya. Bushido ya fito a 1979, amma wanda ya zama uba shi ne Oriental Adventures na kamfanin TSR a 1985. Sunan Gygax ne a bangonsa, ko da yake David Cook ne ya yi yawancin aikin. Shi ya kawo nahiyar Kara-Tur, inda Shou Lung ke madadin Sin, Kozakura da Wa ke madadin Japan, Koryo kuma Koriya. A 1997 wasan Legend of the Five Rings ya biyo baya da daularsa ta Rokugan.

Ba aro muke tuhuma ba. Wanda ya tashi da Magana Jari Ce ya san Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu riga da hula har suka zama 'yan gida. Su ma Japanawa sun yi aro: Record of Lodoss War, wanda ya fara fitowa a mujalla a 1986, da wasan Sword World na 1989, duk a kan almarar Turai aka gina su. Abin da muke tuhuma shi ne yadda waɗannan littattafai suka ɗauki zaton da baƙo ke yi wa mutane suka mayar da shi doka.

Ga misali. A cikin Oriental Adventures akwai jadawalin mutunci. Jarumi yana da maki, kowane aiki ya yi ko dai a ƙara masa ko a rage, idan kuwa makin ya faɗi ƙasa da sifiri to an fitar da shi daga wasan ke nan. A littattafan asali na wannan wasa, waɗanda aka gina bisa Turai ta zamanin da, babu jadawali irin wannan. Watau Bature mutum ne mai zaɓi, yana iya zama ɓarawo ko waliyyi ko malalaci, shi kuwa mutumin Gabas an ɗaure shi da igiya guda tun daga haihuwa. Dole mu lura cewa doka a wasa ta fi jimla a littafi ƙarfi. Jimla kana iya karanta ta ka yi tsaki ka wuce, amma doka sai ka aikata ta da hannunka, mako bayan mako, kana lissafi da fensir, har ta zauna maka a rai kamar gaskiya.

To ina aka samo wannan mutunci da ake aunawa? Mafi yawan abin da Turawa suka sani game da aƙidar samurai ya biyo ta littafin Nitobe Inazo ne, wani Bajapane Kirista da ya rubuta shi da Turanci wajen 1900, domin ya gamsar da Turawa cewa ƙasarsa ma tana da ɗa'a irin ta jarumawansu. A lokacin an riga an soke matsayin samurai da shekaru fiye da ashirin. Masanin tarihi Oleg Benesch ya nuna a littafinsa na 2014 cewa wannan aƙida, a siffar da duniya ta san ta, ƙirar zamanin Meiji ce. Samurai na ainihi 'yan siyasa ne masu lissafin riba da asara. Akechi Mitsuhide ya juya wa ubangidansa Oda Nobunaga baya a 1582 har ya yi sanadin mutuwarsa. A yaƙin Sekigahara na 1600 Kobayakawa Hideaki ya sauya sheƙa ana tsakiyar fafatawa, abin da ya taimaka wa Tokugawa Ieyasu ya yi nasara. Da jadawalin 1985 aka bi, da tuni an kori rabin manyan tarihin Japan daga teburin. Sa'an nan ga littafin Shogun na James Clavell na 1975 da fim ɗinsa na talabijin na 1980, waɗanda suka ƙara wa zaton gishiri.

Akwai kuma maganar haɗa kowa a tukunya guda. Daga cikin rukunan jarumai goma na littafin, bakwai sunayen Japananci ne da su, irin su samurai da ninja da yakuza, alhali daula mafi girma a nahiyar madadin Sin ce. Ga wanda ke kallo daga nesa wannan ba kome ba ne, kamar yadda masu zuwa silima a da suke kiran kowane fim na faɗa fim ɗin Cainis. Amma Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, har ta matsa wa mutane su ɗauki sunayen Japananci, kuma Sinawa ba su manta da kisan Nanjing na 1937 ba. A ce wa jikan waɗannan mutane jarumin ƙasarsa samurai ne, wannan fami ne.

Za a ce ai wasa ne kawai, kuma Cook ya yi karatu, har ya gode wa wasu 'yan wasa Japanawa da suka duba masa rubutun. Mun yarda ya yi ƙoƙari, ba mu kuma zarginsa da mugun nufi. Sai dai Edward Said ya riga ya wallafa Orientalism tun 1978, shekara bakwai kafin nan, yana bayyana daidai wannan ɗabi'a ta mayar da Gabas abin kallo. Za a kuma ce tun da Japanawa sun yi wa Turai haka, an yi canjaras. Ba a yi ba. Babu ɗan Faransa da maƙwabcinsa ya san shi ta hanyar Lodoss kaɗai, amma yaro ɗan asalin Sin a wata makaranta a Amurka yana iya tarar da cewa iyakar abin da abokansa suka sani game da shi ke nan.

A 2020 'yan wasa 'yan asalin Asiya suka ɗaga murya, wasu har suka nemi a daina sayar da littafin. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya gaji TSR, ya liƙa gargaɗi a kan tsofaffin littattafansa ya ci gaba da sayarwa. A nan mun saɓa da masu neman a janye shi. Littafin shaida ne, kuma ɗalibi ba ya ƙona shaida. A bar shi a karanta kamar yadda muke karanta rahotannin Razdan da Di'o, domin mu san yadda aka kalle mu. Mu ma ai ba a bar mu a baya ba: akwai Al-Qadim na 1992 a kan ƙasashen Larabawa, da Nyambe na 2002 a kan Afirka.

Gyara ya fara. Journeys through the Radiant Citadel na 2022 marubuta waɗanda ba farar fata ba ne suka rubuta shi, haka kuma littafin Tian Xia na kamfanin Paizo a 2024 ya tara marubuta 'yan asalin Asiya masu yawa. Mun yi maraba da wannan, amma asalin marubuci ba zai hana mu buɗe littafi mu duba ba. Za mu duba ko mutanen ƙasar suna gardama a tsakaninsu, ko akwai manomi da 'yar kasuwa da mai bashi ban da masu takobi, ko kuma an sake ɗaura musu wata doka da ba a ɗaura wa kowa ba. Haƙƙin mallakar waɗannan ƙasashen almara kuwa, da cinikinsu, yana hannun kamfanonin biyu ne, dukansu a jihar Washington ta Amurka.