A Fitar Da Karen Da Ya Yi Ɓarna, A Bar Makaho Ya Shiga

Wani zalunci da ake yi a Amurka da Ingila ba tare da ko kunya ba shi ne tare makaho a bakin ƙofar kanti ko gidan abinci, ko direban tasi ya hango shi ya ƙara wuta, don kawai yana riƙe da karen da aka horar ya yi masa jagora. Abin takaici, har da Musulmi a cikin masu wannan aika-aika, suna fakewa da cewa wai karen zai tayar wa jama'a hankali, ko kuma wai najasa ne.

To, batun tayar da hankali dai, dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 da ƙa'idojinta na 2010 sun raba gardama. Dalili biyu ne ke sa a ce a fitar da karen: idan ya fi ƙarfin mai shi, yana haushi ko kai cafka, mai shi kuma ya kasa tsawata masa, ko idan yana kashi da fitsari a cikin wuri. Ko a nan ma kare ne zai fita, shi mutumin dole a biya masa buƙatarsa. A Ingila, dokar daidaito ta 2010 ta sa tarar da ta kai fam 1,000 a kan direban da ya ƙi ɗaukar makaho da karensa, sai fa mai takardar uzurin rashin lafiya.

Gaskiya ne akwai 'yan damfara da ke rataya wa karen gida riga su ce na aiki ne, ya shiga ya yi ta ɓarna. Amma laifin wani ba ya shafar wani.

Batun najasa kuwa, wane malami ya karantar da haka babu saɓani? A mazhabar Malikiyya kare mai rai tsarkakakke ne. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. Suratu Abasa kuma ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, don a san darajarsa.

Wanda ya bar makaho a tsaye cikin ruwan sama da sunan addini, ya sani cewa hakkin bawan Allah ya ɗauka, kuma zai yi bayani ranar hisabi. Allah Ya ganar da masu yi.