Tumbi Ya Ragu, Akushi Yana Nan

Tun ranar da aka sauya hotona da ke saman wannan shafi saƙonni suke shigowa, wasu na jaje, wasu na addu'a, wasu na tambayar ko lafiya. Wani bawan Allah daga Gusau har kwatancen gidan mai maganin gargajiya ya aiko mini, ya ce kada in ji kunya, kowace cuta da maganinta. Na gode ƙwarai, lafiyata lau. Abin da ya faru shi ne, wata goma sha biyar da suka wuce an yi mini tiyatar rage tumbi a birnin Alƙahira. Na ja bakina na yi shiru ne don in ga yadda abin zai kaya. Yau zan yi magana, domin na san a cikinku akwai masu shirin tafiya, akwai waɗanda suka dawo suna fama su kaɗai, akwai kuma iyalan da suka rasa yadda za su yi da nasu.

Ba kwalliya ce ta kai ni ba. Nauyina ya kai kilo 141, na shekara tara da ciwon suga, ga hawan jini, gwiwoyina kuma sun gaza har sai a kan kujera nake salla alhali ban cika shekara hamsin ba. Likitoci suna da ma'aunin da suke kira BMI, wanda ke gwada nauyin mutum da tsawonsa. A da sai ya kai 40, ko 35 idan akwai wata cuta tare da ƙibar, sannan ake maganar tiyata. A shekarar 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto da shi zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga. Nawa ya kusa 48.

Tiyatar iri-iri ce, amma biyu sun fi yawa. A ta farko ana yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar shi siriri kamar ayaba. A ta biyu ana ware ɗan aljihu kamar girman ƙwai daga saman tumbin, a haɗe shi da hanji kai tsaye, abinci ya riƙa tsallake wani sashe na hanyarsa. Ta farkon aka yi mini, ta ƙananan huji a ciki da na'ura mai kyamara. Sashen da ake cirewa shi ne ya fi samar da sinadarin da ke tayar wa mutum da yunwa, shi ya sa na yi makonni ban san yunwa ba. Likita ya gama nasa aikin cikin ƙasa da awa biyu, ni kuwa har yau ina kan nawa.

Mako biyun farko ruwa-ruwa kawai na sha: tataccen romo, madara marar maiƙo da ruwa, kurɓi bayan kurɓi. Ni da nake tashi da malmala uku, sai ga ni da ƙaramin kofin shayi ina hutawa a tsakani. Daga nan aka koma abin da aka niƙa ya yi laushi kamar na yaye, irin su kindirmo marar sukari da dafaffen wake da aka tuƙe. Sai mai taushi: ƙwai, alala, kifi da awara. Sai wajen mako na takwas na fara taɓa abincin gida. Kowane asibiti da jadawalinsa, amma dalilin ɗaya ne: ɗinkin tumbin yana buƙatar lokaci ya warke, in aka matsa masa yana iya yoyo, wannan kuwa kan kai ga rasa rai. Duk wanda ya ji zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko ciwon ciki mai tsanani, ko aman da ba ya tsayawa a waɗannan makonni, ya nufi asibiti nan take, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe.

Dokokin da suka biyo baya na har abada ne. Abinci mai gina jiki shi ne farko a kwano, giram 60 zuwa 80 na furotin a rana, sannan ganye, tuwo ko shinkafa su zo ƙarshe in da sauran wuri. A tauna sosai, a ɗauki minti ashirin zuwa talatin ana cin abin da bai cika tafin hannu ba. Ba a haɗa ci da sha, sai an jira kamar rabin awa bayan abinci, kuma duk da haka ana son mutum ya sha aƙalla lita ɗaya da rabi a rana. Wanda ya san zafin Afrilu a Kano ya san wannan aiki ne, tunda ba damar kafa kai a moɗa. Lemun kwalba mai gas an yi bankwana da shi. Bitamin kullum, musamman B12 da sinadarin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, tare da gwajin jini lokaci-lokaci, don ƙarancinsu yana shigowa ne a ɓoye, sai ya taɓa jijiyoyi ake farga. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda muke saya a kemis kamar gyaɗa, suna iya jawo gyambon ciki, ba a shan su sai da izinin likita. Mata kuma ana shawartarsu su jinkirta ɗaukar ciki na shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Duk waɗannan an ba ni su a rubuce kafin in baro asibiti. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne yadda Bahaushe zai yi da akushi. A wurinmu abinci gaisuwa ce, girmamawa ce, kuma shaidar cewa babu komai a zuci. Ka je gidan mutum a kawo maka kwano ka ɗan taɓa ka ture, ko dai raini ne, ko kuma kana zarginsa da wani abu. Ƙiba alamar hutu ce da wadata, rama kuwa ko ciwo ko karayar arziki. A majalisarmu da aka ga na daina miƙa hannu ga tsire, wani aboki ya ja ni gefe ya tambaye ni ko bashi ne ya yi mini yawa.

Jarrabawa mafi girma a gidan mahaifiyata na same ta. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, kuma ba ta taɓa furta cewa tana ƙaunata ba. Tuwon dawa da miyar kuka da man shanu su ne bakinta. Wata uku bayan aikin na je gaishe ta, ta sa aka ajiye mini akushin da na saba. Na yi loma uku ƙanana na tsame hannu. Ta dube ni ta ce, "Kai wannan, tuwon nawa ne ya daina daɗi?" Na ce, "A'a Hajiya, na ƙoshi ne." Ta kawar da kai ba ta ce komai ba. Shirun nan ya sa na ƙara loma biyu. Kafin in wanke hannu na ji kamar an kafa mini turmi a ƙirji, miyau ya cika mini baki, da ƙyar na kai bayan gida. Da na fito na same ta tsaye da buta a hannu, ta ce, "Wai kuɗi ka biya aka yi maka wannan?"

A ranar na zauna na yi mata bayanin da ya kamata in yi tun kafin in hau jirgi. Na ɗauko ƙaramin kofi na nuna mata iyakar abin da cikina ke ɗauka. Na tuna mata da yayanta da ciwon suga ya ci ƙafarsa kafin ya rasu. Da na koma bayan mako biyu, sai na tarar ta sa an sayo ɗan kwano irin na yara, a ciki alala ce da kifi. Yanzu ita ce mai gadina. Ranar sunan jikarta na ji tana ce wa ƙannena, "Ku ƙyale Yayanku, ya ƙoshi."

Akwai kuma yunwar da wuƙar likita ba ta kai gare ta, wato ta ido da ta zuciya. Sai bayan aikin na gane cewa shekara da shekaru da abinci nake huce haushi, da shi nake korar kaɗaici. A wani ɗaurin aure na shanye kofin kunun aya mai sukari, cikin mintoci kaɗan gumi ya karyo mini, zuciya na dukan uku-uku, jiri na ɗibata. Haka kan faru idan zaƙi ya zarce hanji da sauri, kuma ya fi damun waɗanda aka yi wa tiyata iri na biyu. Haɗarin da ya fi wannan shi ne fura da biskit da alewa suna wucewa salin-alin ba tare da sun cika tumbi ba. Ta wannan ƙofa ƙiba ke dawo wa wasu bayan 'yan shekaru. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ko da tumbin ya koma kamar ayaba.

Azumin farko ya riske ni ina wata na uku. Likita ya hana ni, saboda tsoron bushewar jiki da faɗuwar suga. Na tambayi malaminmu, ya ce hukuncina na marar lafiya ne, in sha in rama. Na ji nauyin abin ƙwarai, ina ɓuya a ɗaki da kofin ruwa kamar ɓarawo. Na rama da hunturu bayan likita ya amince, na bana kuma na yi shi cikakke: dabino ɗaya da kurɓin ruwa, in yi salla, in dawo ga ƙwai ko kifi, sannan in riƙa ci kaɗan-kaɗan har sahur. Kowa dai ya tambayi likitansa, don jiki ba ɗaya ba ne.

Yau nauyina kilo 96. An dakatar da allurar insulin, saura ƙwaya ɗaya. Gashina ya zube a wata na huɗu ya sake tsirowa, fata ta saki, riguna duk sun koma hannun tela. Ranar da goshina ya taɓa ƙasa a sujada bayan shekara uku a kan kujera, na daɗe ban ɗago ba. Duk da haka ba talla nake yi ba. Aiki ne mai haɗari da tsada, kuma bai dace da kowa ba. Mai niyyar fita waje ya fara samun likitan da zai riƙa duba shi a gida, ya kuma nemi sashen kula da abinci na ɗaya daga manyan asibitocinmu na koyarwa, don wanda ya yi maka aiki a Masar ko Indiya ba zai zo ya auna jininka a Kano ba.

Roƙona na ƙarshe ga iyalai ne da abokai. Idan naku ya dawo daga irin wannan aiki, ku rage masa kwano, ku bar masa wurinsa a tabarma. Kada ku ware shi, kada kuma ku ce sai ya cinye. In ya ce ya ƙoshi, ku yarda da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.