Gwaggo, wane aljani ne yake bin kalanda?

 Ranar suna a gidan Yaya kin wanke 'yarmu tas a gaban mata, ita kuwa tana ɗaki ta kulle ƙofa tana kuka. Na yi shiru, don yaro ba ya ja da babba a cikin taro. Amma maganganun sun tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin ce sangarta ce: yau fara'a, gobe fuska a murtuke, jibi ta yi wa ƙannenta tsawa a kan cokali. Na tambayi uwarta yaushe abin ke tashi. Ta yi lissafi da yatsu, sai ga shi kullum mako guda ne kafin al'adarta, kuma da jini ya zo, kwana biyu ko uku, yarinya ta dawo kamar ba ita ba. Sangartacce kullum sangartacce ne, ba ya hutun mako uku. Abin da ke faruwa a jiki shi ne, bayan ƙwai ya fita, kimanin kwana 14 kafin al'ada, wani sinadari mai suna furojestaron yakan hau, sannan shi da istirojin su faɗi gab da zuwan jini. Wannan hawa da sauka yana taɓa sirotonin, wanda ke da hannu a barci, cin abinci da kwanciyar rai. Yawancin mata abin yakan tsaya a ciwon mara da ɗan ƙunci. Wasu kaɗan kuwa yakan kayar da su. A 1998 likitoci a Amurka suka dakatar da waɗannan sinadarai da allura a jikin masu fama da matsalar, suka samu sauƙi. Da aka mayar musu, ciwon ya dawo. Matan da ba su da matsalar, an yi musu haka, ko gezau. Ashe ba yawan sinadarin ba ne, ƙwaƙwalwar wata ce ba ta jure canjin, kamar yadda ƙurar hunturu ɗaya ke kwantar da mai asma ta bar maƙwabcinsa.

Kin ce a zamaninku ba ku san wannan ba, waya ce ta kawo. Kun sani, Gwaggo, suna ne ba ku sa masa ba. Ke da bakinki kin ba mu labarin mai jegon da ta ƙi kallon jaririnta har aka yi arba'in. Su ma likitocin Amurka sai a 2013 suka ba mai tsananin nan na kafin al'ada, wanda suke kira PMDD, cikakken gurbi a kundin cututtukansu.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne da kika ce ko iskoki ne ko raunin imani. Wane aljani ne yake bin kalanda, ya zo a kan rana ya tafi a kan rana? Imani kuwa, Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Yarinyar nan tana salla, tana azumi. A yi mata addu'a, ni ma ina yi, amma mai zazzaɓin cizon sauro ma addu'a ake masa a kuma ba shi magani.

Batun a aurar da ita ta huce, ba zan daɗe a kai ba. Aure ba ya hana al'ada zuwa, kuma mai irin wannan lalura ta fi shiga haɗarin ciwon damuwa bayan haihuwa. Za mu kai ta inda ba mai yi mata uzuri, a dawo mana da ita da takarda.

Inda kike da gaskiya, kina da ita. Ta ɗaga wa uwarta murya, wannan laifi ne, kuma ta durƙusa ta ba da haƙuri. Ni ma ba na son a mayar da "ai al'adarta ce" sabuwar hanyar toshe wa mace baki. Yarinyar da ta rubuta jarrabawa sau biyu ba ta samu gurbin karatu ba, ga girki da wankin mutum goma a kanta, wani fushin nata yana da dalili a tsakar gida, ba a cikin jini ba. Idan kuma ƙuncin ya wuce mako biyu bai ɗaga ba ko bayan jini ya zo, ta daina ci, ta daina barci, ko ta fara cewa gara ta mutu, wannan ciwon damuwa ne, ba a jira. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna kawo kasala da saurin fushi, gwajin jini ke bambancewa.

Na saya mata littafi tana rubuta yadda ta wuni kullum, don likita zai nemi na wata biyu. Ba asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau za a kai ta ba, kada ki tsorata, likitan mata za mu fara gani. Babanta ya ce sai abin da kika ce. Zan zo gaishe ki ranar Juma'a bayan la'asar, da littafin a hannuna.