A Buɗe Wa Masu Bincike Ɗakunan Gwajin Batir: Kada Rijiya Ta Bayar Guga Ya Hana

Babu wanda ya kai ɗan kasuwa sanin darajar ma'auni. 'Yan'uwanmu masu sayar da hatsi a Bodija ta Badun, da masu tumatir da albasa a Mile 12 ta Ikko, da fataken goro na Shagamu, duk sun san cewa ciniki ba ya yin albarka sai da mudu na gaskiya da sikelin da ba a taɓa shi ba. Amma ga wata haja da ta shiga kowane gida, wadda mai saye ba shi da mudun da zai auna ta da shi, wato batir. Abin da aka rubuta a jikinsa shi ne kaɗai shaidarsa, in gaskiya ne ka dace, in ƙarya ce sai bayan wata shida ka gane.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, jama'a da yawa suka jingine janareta suka koma ga wutar hasken rana. Mai cajin waya a bakin tasha, da mai shagon sanyi, da masallatan unguwannin Sabo, da wanda ya tara guminsa na shekara ya aika gida a haɗa wa mahaifiya sola, duk a kan batir suka dogara. Ga kuma babura da Keke Napep masu aiki da lantarki sun fara shiga titunanmu. A cikin kayan sola kuwa, batir na daga cikin mafi tsada, kuma yawanci shi ne farkon mutuwa. Saboda haka maganar wanda zai auna ingancinsa, da inda za a auna, magana ce da ta shafi aljihun kowa.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. To, gwajin batir ya wuce a ɗora masa mita a ga allura ta motsa. Akwai na'ura ta musamman wadda take cika batir da wuta, ta zuƙe, ta sake cikawa, ba dare ba rana, tana rubuta yawan abin da ya ɗauka da abin da ya bayar a kowane zagaye. A al'adar masana wannan fanni, idan ƙarfin batir ya sauka zuwa kashi 80 cikin 100 na yadda yake yana sabo, ana lissafa shi cikin waɗanda suka tsufa. In ana cika shi cikin awa ɗaya a zuƙe cikin awa ɗaya, zagaye 1,000 zai ci awa 2,000, wato fiye da kwana 80, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya lissafi ya rikice. Bayan wannan akwai akwatunan da ake ƙara musu zafi ko sanyi don a ga halin batir a kowane yanayi. Akwai ɗaki mai kaurin bango inda ake huda batir da ƙusa, a matse shi, a cika shi fiye da kima da gangan, don a san lokacin da zai kama da wuta. Wanda kuma yake son ya ƙirƙiro sabon batir na litiyam, sai ya sami akwatin da aka kore iska da laima daga cikinsa, domin litiyam ba ya shiri da danshi ko kaɗan.

Kada wani ya ɗauka wannan wahala ce ta banza. A watan Janairu na 2013 an dakatar da tashin jiragen sama samfurin Boeing 787 a duniya baki ɗaya, saboda baturansu sun yi ta ƙonewa. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa bayan da ta riƙa kamawa da wuta a hannun mutane, kuma kafin a gano tushen matsalar sai da injiniyoyi wajen 700 suka gwada wayoyi 200,000 da batura 30,000. In manyan kamfanoni masu ɗakunan gwaji na kansu sun yi irin wannan tuntuɓe, ina ga baturan da ake jibge mana a tashar jiragen ruwa ta Apapa, waɗanda wasunsu ko sunan maƙerinsu ba a sani ba?

Irin waɗannan kayan aiki sun fi ƙarfin malami ɗaya, sun fi ƙarfin sashe ɗaya na jami'a. Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni sun gane haka, shi ya sa suka mai da manyan ɗakunan gwajinsu tamkar rijiyar gari. A Amurka, ma'aikatar makamashi tana da cibiyoyin da aka gina musamman don baƙin masu bincike. Ɗaya daga cikinsu tana ɗakin binciken ƙasa na Argonne, kusa da birnin Chicago, inda ake amfani da wani haske mai tsananin ƙarfi a leƙa cikin batir yana tsakiyar aiki. Ƙa'idar a fili take. Mai bincike zai rubuto abin da yake son ya gwada, masana 'yan'uwansa su duba cancantarsa, in ya yarda zai bayyana sakamakonsa ga duniya ba zai biya kuɗin amfani da na'ura ba, in kuwa kamfani ne mai son ɓoye sirrinsa sai ya biya cikakken kuɗi. Dubban masu bincike ne suke cin moriyar wurin a kowace shekara.

A Ingila, an buɗe wata cibiya a Coventry a watan Yuli na 2021, wadda ta ci fam miliyan 130, domin kamfani ko mai bincike ya zo ya gwada ƙera batirinsa da injuna irin na babbar masana'anta ba tare da ya gina tasa ba. Tarayyar Turai ma tana da ɗakin gwajin batir a garin Petten na ƙasar Holan, kuma ta shigar da shi cikin ɗakunan da take gayyatar masana daga waje su nemi izinin aiki a ciki. Hikimar duka ɗaya ce. Na'urar da aka saya da kuɗin jama'a, ribarta tana cikin yawan hannuwan da suka yi aiki da ita.

To, mu fa? Allah Ya hore wa ƙasar nan dutsen litiyam a jihohin Nasarawa da Kwara da Kaduna da wasunsu, har a 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa. Muna da cibiyoyin binciken makamashi a jami'o'in Sakkwato da Nsukka tun cikin shekarun 1980. Muna da cibiyar kimiyya ta Sheda kusa da Abuja, wadda aka kafa tun farkon shekarun 1990 da nufin masu bincike daga ko'ina su sami manyan na'urori a wuri ɗaya. Ashe tunanin ba baƙo ba ne gare mu. Abin da ya daɗe yana damun malaman jami'o'inmu shi ne wata mummunar ɗabi'a: a sayo na'ura mai tsada, a yi bikin buɗe ta, sannan a kulle ɗaki, mabuɗi ya shige aljihun mutum ɗaya. Ɗalibin da yake makaranta ta kusa ba zai san da ita ba, wanda ya sani kuwa sai ya yi kamun ƙafa. Ƙarshenta ya aika da samfurinsa ƙasar waje ya biya da dala, ko ya haƙura ya rubuta kundinsa a kan gwajin da wasu suka yi a ƙasarsu.

Gwajin wasu kuwa ba zai wadatar da mu ba. Yawancin alƙawarin da ake rubutawa a jikin batir an auna shi ne a zafin digiri 25. A Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan haura digiri 40, kuma sananne ne cewa batirin dalma yakan yi asarar kimanin rabin kwanansa duk lokacin da zafin wurin ajiyarsa ya ƙaru da digiri 10. A Ikko da Fatakwal kuma ga laima ga iskar teku mai cin ƙarfe. Wane ne zai auna mana batirin da ya dace da Arewa da wanda ya dace da Kudu, in ba 'ya'yanmu ba?

Masu riƙe da mabuɗi suna da hanzarinsu, kuma ya kamata a saurare su. Sukan ce in aka bar kowa ya shiga, na'ura za ta lalace, kuma babu kuɗin gyara. Gaskiya ne na'ura tana lalacewa a hannun wanda bai iya ba, amma maganin wannan shi ne a ɗauki ƙwararrun ma'aikata na dindindin, a biya su da kyau, su ne za su tsaya a kan na'ura su koya wa baƙo. Na'urar da aka rufe ma tana mutuwa, ƙura da tsatsa su cinye ta ba ta amfani kowa ba. Game da kuɗin gyara kuwa, kamfanonin da ke shigo da batura da masu haɗa su a nan gida za su biya kuɗin gwaji, abin da aka samu a riƙe ɗakin da shi.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da asusun TETFund, wanda ke raba kuɗin tallafi ga manyan makarantu, da su bar yayyafa kuɗi ko'ina kaɗan kaɗan, su gina ɗakunan gwajin batir 'yan kaɗan amma cikakku, a Kudu da Arewa, kowanne da wutar da ba ta yankewa. A buga jerin na'urorin da ke kowace cibiya domin kowa ya san abin da ƙasa ta mallaka. A kafa ƙa'idar neman izini a rubuce, da ranar da za a ba da amsa, a kuma ware wani kaso na lokaci ga ɗalibai da malaman kwalejojin fasaha. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta haɗa hannu da waɗannan ɗakuna, a riƙa ɗaukar batura daga kasuwa ana gwadawa, a bayyana sakamako cikin harsunan da mai saye yake ji.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Kudu, kuna da sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin kasuwa, kuma 'yan majalisa suna zuwa neman ƙuri'unku. Idan sun zo, ku sa wannan batu cikin bukatunku, domin kuɗinku ne ke tafiya duk lokacin da jabun batir ya mutu. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar abin da aka saya da dukiyar jama'a, amin.