AfroBasket: Me ya sa sau ɗaya kacal Najeriya ta ɗauki kofin?

A gidajen kallon ƙwallo na Unguwar Rogo da ke Sakkwato, hirar Firimiya ce ke cin kasuwa. Ba kasafai ake zancen AfroBasket ba, wato gasar ƙwallon kwando ta maza ta ƙasashen Afirka.

An fara gasar ne a Alƙahira a 1962. Sau ɗaya tawagar Najeriya, D'Tigers, ta lashe ta, a Tunisiya a 2015, bayan doke Angola da ci 74-65. Ita kuwa Angola ta ɗauki kofinta na 12 a gida a watan Agustan 2025.

Ba rashin gwanaye ba ne, domin a 2021 D'Tigers ta doke Amurka 90-87 a wasan sada zumunta. Bambancin shi ne Angola ta ginu a kan ƙungiyoyin gida irin su Petro de Luanda, Najeriya kuwa ta fi dogara da 'yan wasanta mazauna ƙetare. Ga kuma rikicin shugabancin hukumar NBBF, wanda ya sa gwamnati ta janye ƙasar daga gasannin duniya na ɗan lokaci a 2022.

Muddin gasar cikin gida ba ta farfaɗo ba, yaro mai baiwa a Sakkwato ba shi da hanyar shiga D'Tigers.