Rumbuna Uku, Harsuna Uku: Wa Ke Ganin Dukiyar Ma'aikata?

Manomin da ya raba hatsinsa a rumbuna uku a garuruwa uku ya yi dabara, domin gobara ba za ta cinye su rana ɗaya ba. Amma idan aka tambaye shi dami nawa ya rage, ko hannun wa mabuɗi yake, ya tsaya yana susar ƙeya, to dabararsa ta zama sakaci. Wannan shi ne halin da manyan bankuna, kamfanonin sadarwa da hukumomi da dama suke ciki game da abin da ake kira gajimare, wato kwamfutocin haya da ake ajiye bayanai da gudanar da ayyuka a kansu ta intanet.

Tun daga 2006 da Amazon ya fara wannan haya da sunan AWS, Google ya biyo baya a 2008, Microsoft kuma ya buɗe Azure a 2010, manyan ma'aikatu suka yi ta kwasar ayyukansu suna kaiwa can. Sau da yawa ba a zauna an tsara rabon ba. Wani sashe ya kama haya a nan, wani a can, aka sayi wani kamfani ya zo da nasa, har aka wayi gari babu mutum ɗaya da zai iya faɗin abin da aka mallaka, wanda ke iya taɓa shi, da abin da ake biya.

Wasu na cewa maganin shi ne a koma wajen mai haya ɗaya, tunda taura biyu ba ta taunuwa. Sai dai abin da ya sami asusun fansho na UniSuper a Ostareliya a watan Mayun 2024 ya isa ishara. Kuskuren saiti a ɓangaren Google ya share ɗaukacin ma'ajiyar asusun, mambobi fiye da 600,000 suka yi kusan mako biyu ba su ga ajiyarsu ba, kuma kwafin da aka adana wajen wani mai hayar daban ya taimaka wajen dawo da bayanan. Haka nan ranar 20 ga Oktoba 2025 cibiyar AWS ta arewacin Bajiniya a Amurka ta samu tangarɗa, ayyuka masu yawa a duniya suka tsaya cik na sa'o'i. Saboda haka raba ƙafa yana da hujja. Abin da ba shi da hujja shi ne a raba ƙafa a rufe ido.

A ganina, a matsayina na ɗalibin harshe, tushen matsalar yana ga sunaye. Abin da AWS ke kira asusu, Azure na kiransa rajista, Google kuma aiki. Kundin da ke rubuta wanda ya shiga da abin da ya taɓa, sunansa CloudTrail a wajen na farko, Activity Log a wajen na biyu, Cloud Audit Logs a wajen na uku, kuma kowanne da yadda yake jera bayaninsa. Takardar kuɗi ma kowa da nasa kalmomin. Ma'aikacin tsaro da ke son bin sawun ɓarawo daga wannan gida zuwa wancan sai ya zama tafinta tsakanin harsuna uku, alhali ɓarawon ba ya jiran a gama fassara.

Kada mai karatu ya ɗauka batun kundi ƙaramin abu ne. A 2019 an kwashe bayanan mutum kusan miliyan 100 a Amurka daga bankin Capital One ta wata kafa da saitin da bai dace ba ya bari. An yi satar a watan Maris, bankin bai sani ba sai a Yuli, da wani daga waje ya tsegunta masa, kuma a 2020 aka ci shi tarar dala miliyan 80. A 2023 kuwa, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ce ta gano kutsen da aka yi wa wasiƙunta da ke hannun Microsoft, saboda tana biyan kuɗin cikakken kundi. Waɗanda ba su biya ba ba su da hanyar ganin wannan sawun. Sai da aka yi ca a kan kamfanin sannan ya buɗe wa sauran abokan cinikinsa kundin ba tare da ƙarin kuɗi ba.

An fara ɗinke ɓarakar sunayen. A 2019 aka haɗe wasu tsare-tsare biyu aka samar da OpenTelemetry domin rahoton lafiyar manhajoji ya zo da siga ɗaya. A 2022 aka fito da OCSF domin bayanan tsaro, a 2024 kuma FOCUS domin takardun kuɗi. Wannan yana tuna mini tarukan daidaita rubutun Hausa, kamar na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980. Ba su hana Bakano da Badamagare furucinsu ba, amma sun sa kowa na karanta takardar ɗan'uwansa. Darasin da muka koya a can shi ne, ƙa'ida ba ta aiki sai akwai mai tilasta bin ta a makaranta da maɗaba'a. Haka abin yake a ma'aikata: sayen allo ɗaya mai nuna komai ba zai amfana ba matuƙar ba a wajabta wa kowane sashe ya liƙa wa kowace na'ura sunan mai ita, da aikinta, da aljihun da ke biyanta ba.

Dole kuma a faɗi haɗarin da ke tattare da maganin kansa. Manhajar da ke ganin komai, wanda ya mallake ta ya ga komai. A 2020 aka gano cewa an cusa guba a manhajar sa ido ta kamfanin SolarWinds, abokan ciniki kusan 18,000 suka sauke ta da hannunsu. Don haka a ba mai sa ido ikon kallo kawai, ban da ikon taɓawa, shi ma a sa masa nasa idon.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Bankunanmu da kamfanonin hada-hadar kuɗi suna haya a waɗannan gidaje, da dala ake lissafin hayar, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 kowace na'urar da aka manta a kunne ta ƙara tsada. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ma'aikata sa'o'i 72 ta kai rahoton kutsen da ka iya cutar da mutane, kuma wanda bai san inda bayanansa suke ba ba zai iya faɗin abin da aka ɗiba ba.

Shawarata ga 'yan majalisar gudanarwa ita ce, a zamansu na gaba su nemi takarda ɗaya mai amsa tambayoyi huɗu: me muka ajiye, a ina, wa ke da mabuɗi, nawa muke biya. Idan amsar ta ɗauki fiye da mako kafin ta zo, to a dakatar da kama sabuwar haya har sai an ƙirga ta hannu. Dukiyar ta talakawa masu ajiya ce, amana ce kuma da za a tambaya. Allah Ya sa mu dace.